Matakala Biyu a Falon Tatay Doro

Ranar da Ligaya Abalos ta fara ɗora ido a kan Tobin, ba soyayya ce ta kai ta ba. Masifa ce, kuma cike da ciki ta tafi da ita.

Ta tsallaka tafki daga Beacon Hill cikin yayyafin nan namu na Seattle mai sa mutum baƙin rai, ta shiga kamfanin masu ƙera tabaron wasa, kayan asibiti a jikinta, ta dangwarar da tabaron wasa a teburin karɓar baƙi har gefensa ya tsage.

"A fito min da wanda ya rubuta abin da ke cikin wannan. Ba manaja nake so ba, ba lauya ba. Mai hannun nake so."

Kowa ya san tabaron nan: ka ɗaura a kai ya rufe maka ido, ka tsinci kanka a wata duniyar. A da, kai za ka zana iyakar filin wasanka da hannu, in ka doshi bango sai shingen haske ya taso a gabanka. Sai masu ilimi suka ga wai wannan wahala ce. Suka fito da sabon tsari, na'ura ta leƙa ɗaki da kyamarorinta ta kafa shingen da kanta, kai dai ka danna "to".

"To" ɗin nan Ligaya ce ta danna wa mahaifinta, tana saurin fita cefane. Tatay Doro, wato Baba Doro a harshensu, mai shekara saba'in da ɗaya, a jiragen kamun kifi na Alaska ya ƙarar da ƙuruciyarsa, kuma tun rasuwar matarsa babu abin da ke tashinsa daga kujera sai wasan kamun kifi na cikin tabarau. Ya bi kifi taki uku, shinge bai taso ba, ya faɗa ramin zama mai matakala biyu da ke tsakiyar falonsu. Ƙugu ya karye.

Aka jima kafin wani dogo siriri ya fito, da abin awo rataye a ƙugunsa kamar kafinta.

"Sunana Tobin Halvorsen. Ni na rubuta shi."

Ta zazzage masa duk abin da ta kwana uku tana haɗiyewa a bakin gadon asibiti. Ita da aikinta shi ne koya wa masu karaya tafiya, ta san abin da karayar ƙugu ke yi wa tsoho, kuma ta gaya masa dalla-dalla. Bai katse ta ba. Da ta tsaya jan numfashi, sai ya ce a hankali:

"Wane launi ne kafet ɗin?"

Kafet! Uban mutum na kwance an ɗaure shi da ƙarafa, shi kafet ya dame shi. Hannunta har ya ɗaga. Abin da ya tsayar da ita, idanunsa ne. Sun yi ja, kuma bai kawar da su daga nata ba.

"Don Allah ki bar ni in ga ɗakin," ya ce. "In ban gani ba, gobe uban wata ne."

Ranar Asabar ya zo. Ya shigo da takalmi, ta daka masa tsawa ya koma da baya ya cire. Gidan irin na da ne, wanda aka tona tsakiyar falonsa, a sauka matakala biyu zuwa wurin zama. Sama da ƙasa duk kafet ɗaya ne, ruwan ƙasa. A can cikin ramin, a kusurwa, wurin Nanay yake, marigayiya mahaifiyarta: hotonta, kyandir, carbinta, da silifas ɗinta da ba wanda ya taɓa ɗagawa.

Tobin ya wuni yana rarrafe yana awo. Duk sa'ad da ya gwada, shinge ya taso daidai. Ligaya na tsaye ta harɗe hannu tana jiran ya ce tsoho ne ya yi ganganci, ta cinye shi ɗanye. Sai ƙarfe huɗu rana ta leƙo ta tagar yamma, ta shafe inuwar matakalar tas. Ya ɗaura tabarau, ya yi taki uku, sai ji ta yi tim! Dogon mutum ya baje a ƙasa, ƙafa ɗaya a sama.

Dariya ta ƙwace mata, ta farko a sati guda, kuma ta ji haushin kanta.

"Ɗakunan gwaji arba'in gare mu," ya ce daga kwance. "Duk a shimfiɗe suke. Duk fitilar ofis. Ba wanda ya tuna da rana a cikinmu."

Ya roƙi izinin ɗaukar taswirar ɗakin a na'urarsa don ya gyara aikin. Ta nuna kusurwar Nanay.

"Wannan ba na idon kowa ba ne."

"Ba zai bar kwamfutata ba. Na yi miki alkawari."

Daga nan zuwa ya zama jiki. Ƙarfe huɗu rana ke zuwa, shi ma ƙarfe huɗu yake zuwa. Ita kuma ba ta iya kallon mutum da yunwa, ko da maƙiyinta ne, sai ta fara ajiye masa dafaffen naman adobo da shinkafa tana zaginsa.

"Ci, Mai Awo. Iska za ta ɗauke ka kafin ka gyara ɓarnarka."

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Barkono, yau sau biyu kawai kika harare ni. Lafiya kuwa? In kira likita?"

Ta mayar masa: "Ajiya nake yi. Gobe za ka karɓi shida."

"Zan zo da wuri kada su huce."

Ta karanta, ta kifa wayar, ta sake ɗauka ta karanta. Wata rana a kicin ta gaya masa abin da ba ta gaya wa kowa ba, cewa ita ce ta danna "to". Ya ajiye cokali.

"Mu muka ce miki ki danna. Aikin maɓallin ke nan, a yarda da shi. Ki bar min wannan kayan, nawa ne."

Ta yi kuka a kafaɗarsa, tana kuka tana dukan ƙirjinsa.

Bayan sati bakwai Tatay Doro ya dawo gida da abin dogarawa mai ƙafa huɗu. Ya tarar da dogon mutum a falonsa, ya dubi 'yarsa, ya dubi yadda take zuba masa miya ba tare da ta tambaye shi ba. Tsoho ya gane komai. Tobin, da aka koya wa gaisuwar girmamawa ta al'adarsu, ya sunkuya zai kama hannunsa ya kai goshi. Tatay ya janye hannun ya soka a aljihu.

"Anak, 'yata," ya ce wa Ligaya, "duk mazan garin nan ba ki ga kowa ba sai wanda ya karya ni?"

"Tatay, gyarawa yake yi."

"Ya gyara min ƙugu in gani! Shekara talatin ina kan teku, igiyar ruwa kamar bene, ban taɓa karya ko ɗan yatsa ba. Sai a falona, a gaban hoton uwarki, wani ɗan boko ya kayar da ni. Ga Renato nan, ɗan cocinmu, kullum yana asibiti da tuwon shinkafa mai zaƙi. Shi ba mutum ba ne?"

Renato mutum ne, amma irin mutanen nan ne da ke yin alheri suna waiwaye a ga ko an gani.

Tobin bai yi zuciya ba. Duk Asabar yana ƙofar gida. Ya share magudanar rufi, ya nome ciyawa, ya kafa makama a banɗaki. Tatay na zaune a taga yana ba da umarni ta bakin 'yarsa, don ya rantse ba zai yi masa magana kai tsaye ba.

"Gaya wa wancan ya karkata."

"Gaya wa wancan itacen nan ya girme shi, ya bi shi a hankali."

Abu ɗaya Ligaya ta lura da shi, ya kuma tsaya mata a rai. Tun da ya dawo, Tatay bai sauka ramin falo ba ko sau ɗaya. Ta bango yake raɓewa ya wuce. Kyandir ɗin Nanay, da shi ke kunnawa kowace safiya, yanzu daga sama yake tsayawa ya ce ta kunna.

Ranar wata Lahadi bayan coci, ana cin abinci, Renato ya ciro wayarsa da fuskar jimami.

"Ban so in nuna ba, Tatay, amma gara ku gani da idonku."

Bidiyon babban taron kamfanin ne. A allo mai girman bango, ga falonsu. Ga kujerar Tatay, ga tagar yamma, ga hoton Nanay da silifas ɗinta, komai a fili. A sama an rubuta "Ɗaki na 41". Wata mata a kan dandamali ta danna abu, wani ɗan zanen mutum ya yi taki uku ya wuntsila cikin rami. Zauren ya kwashe da dariya. Ta sake dannawa, ya sake wuntsilawa.

Tatay ya ture farantinsa, ya ja abin dogarawarsa ya shige ɗaki.

Ligaya ba ta san yadda ta isa gidan Tobin ba. Da ya buɗe ƙofa ta manna masa wayar a fuska.

"Ba ni na nuna ba," ya ce. "Shugabarmu ce ta ɗauko. Wallahi ban sani ba sai yanzu."

"Daga ina ta ɗauko? Daga kwamfutarka?"

Ya kawar da idonsa daga nata.

"Na ce daga ina!"

"Daga rumbun gwaji. Haka muke aiki, Ligaya. Duk kuskuren da aka gano, sai a sa ɗakinsa a rumbu, a riƙa gwada kowane sabon gyara a kansa don kada ya dawo. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba. Ai bayanai ne kawai…"

Kaico! Da ma ya haɗiye wannan kalmar.

"Bayanai? Uwata ce bayanai? Silifas ɗin da ta mutu ta bari ne bayanai? Kun ba gidanmu lamba kamar gawa a asibiti, kun mai da ubana wasan yara, kana tsaye kana ce min bayanai! Na yarda da na'urarka ta karya masa ƙugu. Na yarda da bakinka ya karya masa abin da ya rage. Ni ce sakarya, sau biyu ina danna 'to'."

Ta tafi ta bar ƙofar a buɗe. A mota ta rubuta masa:

"Kada ka zo. Kada ka kira. Ka auna nisan da ya fi kowanne, ka tsaya a can."

Amsarsa ta zo washegari:

"Kin yi gaskiya, duka. An sauke bidiyon. Na goge taswirar daga rumbu da kwamfutata, babu sauran kwafi. Ba na neman amsa."

Ba ta amsa ba kuwa. Wata biyu tana fushi, fushin da har marasa lafiyarta suka shaida, don tsofaffi sun riƙa ɗaga ƙafa da sauri ba sai ta maimaita ba. Renato ya dawo zarya, har ya kawo shawarar a cike ramin falon da katako a huta. Tatay ya tambaye shi ko kusurwar Nanay ma zai binne, daga nan maganar ta mutu.

Wata safiya ta ɗauki takardar marasa lafiya, ta ga suna na uku: Halvorsen, karayar wuyan hannu. Ta shiga ɗakin kamar za ta ci mutum.

"Biyo ni ka yi?"

"Likita ne ya turo ni. Na nemi a canza, suka ce sai wata mai zuwa."

Ta fizgi hannun mai lafiyar don ta kwatanta, sai ta ga gwiwar hannu duk ƙujewa, sabo a kan tsoho. Ƙafafu ma haka.

"Me ke dukanka?"

Da ƙyar ya faɗa. Da ya goge taswirar, ba shi da sauran abin gwaji. Sai ya sayi katako ya gina rami mai matakala biyu a garejinsa, ya zagaye shagunan tsofaffin kaya har ya samo kafet ruwan ƙasa, ya fasa taga a bangon yamma. Duk ranar da rana ta fito da ƙarfe huɗu, sai ya ɗaura tabarau ya taka. A garin nan da rana ke yi mana rowa, wani lokaci sai ya yi sati yana jira. Kamfani kuma ya so fitar da sabon tsari ga kowa, shi ya ƙi sa hannu, suka ɗauke shi daga shugabancin aikin suka ba wani.

"Sau nawa ka faɗi?"

"Na daina ƙirga."

"Katifa fa? Ba ka da hankalin da za ka shimfiɗa katifa?"

"Kyamara za ta gan ta. Tatay bai samu katifa ba."

Ta murɗa hannun fiye da yadda aiki ya ce, har ya yi ƙara.

"Jaki," ta ce, hawaye na zuba. "Dogon jaki. Ya gyaru?"

"Sati uku ban faɗi ba. Hannun a kan tsani na karya shi, wajen gyara tagar."

Da ta koma gida ta gaya wa Tatay, a tsaye, da shirin faɗa. Ya daɗe yana kallon ramin falo.

"Gaya wa wancan ya zo Asabar. Ƙarfe huɗu. Ya zo da abin nasa."

Allah ya sa aka yi rana. Tobin ya cire takalmi tun daga waje, ya kunna tabarau zai ɗaura, Tatay ya miƙa hannu.

"Kai ka san inda matakalar take, ƙafarka ta haddace. Ba ni."

"Tatay, a'a!" Ligaya ta shiga tsakani. "Wallahi ba za ka sa ba. Ka san abin da karaya ta biyu ke yi? Ni na sani!"

"Wata biyar ina tsoron falona, anak. Wata biyar ban kunna wa uwarki kyandir ba. Kina so in mutu ina raɓe bango a gidana? In abin nasa gaskiya ne, ki aure shi. In ƙarya ne, ki ga ƙaryar da idonki. Matsa."

Ta matsa, tana jin kamar ta shaƙe su duka biyun. Tatay ya ɗaura tabarau, ya danna "to" da kansa, ya ture abin dogarawa gefe. Rana ta shafe inuwar matakala. Taki ɗaya. Ligaya ta cije hannunta. Taki biyu. Ƙafarsa ta ɗaga za ta yi na uku, sai ta tsaya a iska, ta dawo baya a hankali. Yatsun ƙafarsa na taɓa bakin ramin.

"Hmm," ya ce. "Ga shinge. Har da ja a ƙasa."

Ya zare tabarau ya duba ƙasa. Tobin na kwance a gindin matakalar, ya miƙe tsawonsa kamar tabarma, ya ɗaga hannun nan mai filasta sama. Ba wanda ya ga lokacin da ya sulale ya kwanta.

"Kai!" Karon farko ke nan da Tatay ya yi masa magana kai tsaye. "Ba ka yarda da aikinka ba?"

"Na yarda da shi, Tatay. Amma ƙugu ɗaya ya rage maka."

Tsoho ya yi tsaki mai tsawo. Sai ya miƙa hannun nan da ya taɓa sokawa a aljihu.

"Tashi ka riƙe ni, zan sauka wurin matata."

Tobin ya tashi ya kama hannun, ya fara kai shi goshinsa, Tatay bai janye ba. Suka sauka matakala ɗaya, suka sauka ta biyu. Tatay ya ƙyasta ashana ya kunna kyandir, ya dubi hoton.

"Ga shi nan, wanda ya karya ni. Ba shi da nama, ba shi da wayo, amma yana dawowa."

A watan Yuli aka ɗaura aure. Da fada, limamin coci, ya kira, Tatay Doro ne ya rako 'yarsa tun daga ƙofar coci, da sanda ɗaya tak, yana harar duk wanda ya yi yunƙurin tallafa masa. Bisa al'adarsu, aka yafa wa ango da amarya mayafi, aka zagaya musu igiya a kafaɗa. Renato ma ya zo, ya rera waƙa da ƙarfi don a san ya yafe.

Ana cikin addu'a Ligaya ta matso da bakinta kunnen mijinta.

"Har yanzu ban huce ba, Mai Awo."

"Na sani, Barkono. Ina da sauran rai gaba ɗaya, ki huce a hankali."

A gida aka yi walima, a falon nan, dangi sun cika rami sun cika sama. Da aka nemi uban amarya ya sa albarka, sai ya sauka matakala biyun shi kaɗai, ya tsaya kusa da hoton Nanay, ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan dogon surukinsa da sai da ya durƙusa kafin hannun ya kai.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah ya nuna muku rami kafin ƙafa ta kai. In kuma ɗayanku ya tashi faɗuwa, Allah ya sa ya tarar da ɗayan a kwance a ƙasa yana jiransa."

Falo ya amsa da amin. Ligaya ta buɗe baki za ta ce wani abu mai zafi don kada a ga hawayenta, amma a ranar, karo na farko, ba ta samu ko kalma ɗaya ba.